Samanja Alhaji Grunshi: Sojan Gwalkwas Da Ya Fara Harbi A Yaƙin Duniya Na Ɗaya

Duk wanda ya san garin Tamale ya san Barikin Kamina, mazaunin bataliya ta 6 ta rundunar sojojin ƙasa ta Gana. Sai dai da yawa daga cikinmu, har da waɗanda aka haifa a garin, ba su san inda wannan suna ya samo asali ba. Kamina dai wani ƙauye ne kusa da Atakpame a ƙasar Togo, inda Jamusawa suka kafa babbar tashar wayar iska, kuma a kan hanyar zuwa kama wannan tasha ce wani soja ɗan Arewa mai suna Alhaji Grunshi ya shiga tarihin duniya a shekarar 1914. Tarihinsa muka kawo a yau, musamman saboda masu karatu da ke da kaka ko kakan kaka da ya yi aikin soja zamanin Turawa, suna kuma son sanin inda za su nemi labarinsa.

Sunansa kansa darasi ne. A wancan zamani idan saurayi ya zo shiga soja, akawu yakan rubuta sunansa na farko, sannan ya liƙa masa sunan ƙabilarsa ko na garinsu a matsayin suna na biyu. Shi ya sa takardun rundunar suka cika da sunaye irin su Moshi, Dagarti, Frafra, Kanjarga, Dagomba, Wangara, Fulani da Hausa. Grunshi kuwa suna ne da ake kiran al'ummomin da ke zaune daga wajejen Navrongo da Tumu har cikin ƙasar Burkina Faso ta yau, waɗanda suka sha fama da hare-haren Zabarmawa ƙarƙashin Babatu a ƙarshen ƙarni na 19. Daga wannan yanki ne Turawan Ingila suka riƙa samun sojoji masu yawa, musamman bayan da suka kafa mulkinsu a Arewa, suka kuma mayar da hedkwatarsu daga Gambaga zuwa Tamale a 1907.

Rundunar da Alhaji Grunshi ya shiga tana da tsohuwar dangantaka da Hausawa. Tun a 1863 wani jami'in Ingila mai suna John Glover ya tara Hausawa a Legas ya mayar da su dakaru, kuma daga wannan tushe aka kafa rundunar 'yan sanda masu ɗauke da makamai ta Gwalkwas a 1879. A 1901 aka mayar da ita cikakkiyar rundunar soja, mai hedkwata a Kumasi, a ƙarƙashin babbar rundunar Afirka ta Yamma. Ko bayan da 'yan wasu ƙabilu suka fi Hausawa yawa a cikinta, Hausa ta ci gaba da zama harshen bariki, wato da ita Bamoshe da Badagombe da Bature suke fahimtar juna.

Ranar 4 ga Agusta 1914 Ingila ta ƙaddamar da yaƙi a kan Jamus. A lokacin Togo tana hannun Jamusawa, kuma ba ta da rundunar soja, sai 'yan sanda 'yan Afirka ɗari-ɗari, cikinsu har da Hausawa, da Turawa kaɗan. Muƙaddashin gwamnanta, Manjo von Doering, ya nemi a bar ƙasashen mulkin mallaka a gefe kada yaƙin Turai ya shafe su, amma Ingila da Faransa suka ƙi. Dalili kuwa shi ne tashar Kamina. Da yake Ingila ta datse wayoyin tangarahon Jamus na ƙarƙashin teku tun a kwanakin farko, wannan tasha ce ke karɓar saƙo daga Nauen kusa da Balin, tana isar da shi ga Kamaru da ƙasar da ake kira Namibiya a yau da kuma jiragen ruwan Jamus da ke tekun Atlantika.

Rundunar Gwalkwas, ƙarƙashin Kyaftin Frederick Bryant, ta shiga Lome ranar 7 ga Agusta bayan Jamusawa sun janye zuwa arewa ta hanyar jirgin ƙasa. A cikin wannan bin sawu ne 'yan sintirin da Alhaji Grunshi ke cikinsu suka yi kiciɓis da 'yan sandan Jamus, waɗanda suka buɗe musu wuta, shi kuma ya mayar da martani. Wasu masana tarihi sun sa wannan a ranar 7 ga Agusta, wasu kuma a ranar 12. Ko wacce aka ɗauka, harsashinsa ne na farko da wani soja mai yi wa Ingila aiki ya harba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin sojojin Ingila da ke Turai ba su yi harbinsu na farko ba sai ranar 22 ga Agusta, a kusa da garin Mons na ƙasar Beljiyam.

Yaƙin Togo bai daɗe ba. An gwabza a Agbeluvoe a tsakiyar watan, aka kuma yi ƙazamin artabu a bakin kogin Kra ranar 22 ga Agusta, inda aka kashe Laftanar George Thompson, jami'in sojan Ingila na farko da ya mutu a fagen daga a wannan yaƙi. Da Jamusawa suka ga babu mafita, sai suka rushe tashar Kamina da hannunsu a daren 24 ga wata, suka miƙa wuya ranar 26.

Wannan gajeren yaƙi ya shafe mu har yau, musamman mu da ke cin kasuwannin kan iyaka. Kafin 1914 an raba ƙasar Dagomba gida biyu, Tamale tana hannun Ingila, Yendi kuwa tana hannun Jamus, ta yadda fatake sai sun ƙetare iyaka tsakanin garuruwan biyu. Bayan yaƙi aka raba Togo, Faransa ta ɗauki babban kaso har da Lome, Ingila ta ɗauki yankin yamma wanda ya haɗa da Yendi da Bimbila da Kete Krachi da Ho. A ƙuri'ar raba gardama ta 1956 wannan yanki ya zaɓi haɗewa da Gwalkwas, wadda ta zama Gana ranar 6 ga Maris 1957. Ke nan iyakar da ake ƙetarewa a gabashin Tatale a yau, daga wancan rabo ta samo asali.

Daga Togo aka tura rundunar zuwa Kamaru, inda aka kama Duwala a watan Satumba 1914, Yawunde a farkon Janairu 1916, sannan sansanin ƙarshe na Jamusawa a dutsen Mora ya miƙa wuya a watan Fabrairu na wannan shekara. Ba su gama hutawa ba aka sa su a jirgin ruwa a watan Yuli 1916 zuwa Afirka ta Gabas, domin yaƙar kwamandan Jamus von Lettow-Vorbeck. Sun fafata a Kibata da Narungombe da Lukuledi a ƙasar Tanzaniya ta yau, suka bi abokan gaba har cikin Mozambik, ga zazzaɓin cizon sauro da atini da ƙarancin abinci. A 1918 suka komo gida. Gwamnan Gwalkwas na lokacin, Hugh Clifford, ya rubuta littafi guda a kan wannan tafiya tasu, aka buga shi a 1920.

Alhaji Grunshi ya ga dukkan fagagen nan uku, ya kuma fita da ransa. Ranar 5 ga Maris 1918, yana da muƙamin las kofur, aka ambaci sunansa cikin waɗanda suka nuna ƙwazo a rahoton da manyan kwamandoji ke aika wa gwamnatin Ingila. Ranar 13 ga Maris 1919, ya riga ya zama saje, aka ba shi lambar jaruntaka da ake taƙaitawa MM saboda rawar da ya taka a Afirka ta Gabas. Ya kuma samu lambar DCM, wadda ta fi ta daraja, ya ci gaba da aiki har ya kai muƙamin samanja na runduna, wato ƙololuwar abin da baƙar fata zai iya kaiwa a wannan runduna a wancan zamani.

Abin da ya sa muke iya ba da labarinsa bayan shekaru fiye da 100 shi ne an rubuta sunansa. Dubban 'yan'uwansa ba su samu wannan gata ba. A watan Afrilu 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fitar da rahoto, inda ta amince cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, sun mutu a hidimar Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba tare da an rubuta sunayensu a kan kabari ko allon tunawa ba. Rahoton ya nuna cewa a 1923 Gwamna Guggisberg na Gwalkwas da kansa yana ganin mutanen ƙasar ba za su san darajar dutsen kabari ba. Gwamnatin Ingila ta nemi gafara a gaban majalisa, amma hakan bai dawo da sunayen da suka ɓace ba.

To, mai neman labarin kakansa ta ina zai fara? Daga gida zai fara. A duba cikin adaka da tsofaffin akwatuna ko akwai littafin sallama daga aiki, takardar fansho, hoto ko lambar yabo. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne lambar aikin soja, domin masu suna Musa Moshi ko Ali Grunshi suna da yawa a takardu, kuma rubutun sunan yakan sauya daga akawu zuwa akawu, amma lambar mutum tasa ce shi kaɗai. Lambobin yabo na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ɗauke da suna da lambar aiki da sunan runduna a gefensu ko a bayansu. Taurarin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, irin su tauraron Bama da na Afirka, an raba su ne ba tare da suna ba, saboda haka sai an haɗa da takarda. Sannan a zauna da tsofaffin gida a tambaye su sunan da aka san shi da shi a bariki, da yaƙin da ya je, da shekarar da ya dawo.

Da wannan a hannu, sai a nufi ofishin adana takardun tarihi na gwamnati, wato PRAAD, wanda ke da reshe a Tamale da babban ofishi a Ankara. Akwai hukumar 'yan mazan jiya ta Gana, VAG, da hedkwatar sojoji da ke Burma Camp a Ankara, da kuma gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi, inda ake ajiye da makamai da hotuna da lambobin yabo na rundunar. Wanda ke da intanet a wayarsa zai iya neman sunan wanda ya mutu a bakin daga a shafin hukumar kaburburan yaƙi kyauta, haka ma jaridar gwamnatin Ingila, London Gazette, inda ake buga sunayen waɗanda aka ba lambobin jaruntaka. Kundayen lambobin yabo da littattafan da bataliyoyi ke rubuta abin da ya faru kullum suna babban gidan adana takardu na Ingila da ke Kew a Landan. Wanda kakansa ɗan Najeriya ne ko Saliyo ko Gambiya, hanyar kusan ɗaya ce, domin duk ƙarƙashin babbar runduna guda suka yi aiki.

Muna kuma jan kunnen 'yan'uwa 'yan kasuwa da kada a sayar da irin waɗannan lambobi ga dillalan kayan tarihi ko masu sayen tsohon ƙarfe, komai kuɗin da aka taya. Lambar da ta fita daga gida ta tafi da sunan mai ita. Hakkin tsofaffin sojoji ba ƙaramin abu ba ne a tarihin ƙasar nan, domin a kan neman haƙƙinsu ne aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey a mararrabar Christiansborg ranar 28 ga Fabrairu 1948, lamarin da ya gaggauta samun 'yancin kai.

Kowace ranar 11 ga Nuwamba akan taru a maƙabartar sojoji da ke Osu a Ankara domin tunawa da waɗanda suka kwanta dama. Samanja Alhaji Grunshi ya samu masu tuna shi saboda takarda ta riƙe sunansa. Sauran kuwa, sai dai jikokinsu su tashi su nemo nasu tun tsofaffin da suka san labarin suna raye.