Jacques Balmat: Talakan da ya buɗe hanyar Mont Blanc, ya ɓace a neman zinariya

A ranar 8 ga watan Agusta na shekara ta 1786, da ƙarfe 6 da minti 23 na yamma, mutane biyu suka tsaya a kan ƙololuwar Mont Blanc, dutse mafi tsawo a jerin tsaunukan Alpes, inda ba a san wani ɗan Adam ya taɓa takawa ba kafin wannan rana. Ɗaya likita ne, Michel-Gabriel Paccard, ɗayan kuma ɗan ƙauye mai shekaru 24, Jacques Balmat. Sunan Balmat ya zaga Turai, na likitan kuwa ya dusashe har sama da shekaru 100, kuma Balmat yana da hannu a wannan rashin adalci.

Ɗan talakawan kwarin Chamonix

An haifi Balmat a shekara ta 1762 a Les Pèlerins, wani ɗan ƙauye a kwarin Chamonix. A wancan zamani yankin Savoie ba na Faransa ba ne, yana ƙarƙashin sarkin Sardaigne mai fada a birnin Turin, sai a shekara ta 1860 ya koma hannun Faransa. Mutanen kwarin manoma ne da makiyaya, lokacin nomansu gajere, hunturunsu mai tsawo. Don cike giɓin abinci, Balmat yakan hau tsaunuka farautar chamois, wata dabba mai kama da akuya, da kuma haƙo duwatsu masu ƙyalli da ake sayar wa baƙi. Wannan sana'a ce ta koya masa tafiya a kan ƙanƙara da jure yunwa da sanyi.

Dutsen da ke saman ƙauyensu ya haura mita 4,800, wato fiye da ninki biyu na tsawon dutsen Bagzan na Abzin, mafi tsawo a Nijar, mai mita 2,022. Daga Chamonix zuwa ƙoli akwai hawan kusan mita 3,800. A kan hanya akwai daskararrun kogunan ƙanƙara masu zurfafan tsagogi, waɗanda dusar ƙanƙara kan lulluɓe bakinsu, mutum ya taka yana zaton ƙasa ce ya rufta. Akwai zaftarewar ƙanƙara daga sama, ga ƙarancin iskar numfashi, ga hasken rana da ke dawowa daga farin fili yana makantar da ido. Mazauna kwarin sun yi imani cewa duk wanda dare ya riske shi a can sama ba zai ga safiya ba.

Tukwicin da ya shekara 26 babu mai karɓa

A shekara ta 1760 wani masanin kimiyya daga birnin Jeneba, Horace-Bénédict de Saussure, ya ziyarci Chamonix, ya yi alƙawarin tukwici ga duk wanda ya gano hanyar kai wa ƙololuwa. An yi ta gwadawa ana komowa hannu rabbana.

A watan Yuni na 1786 Balmat ya bi wani ayarin ƴan jagora da suka nufi ƙoli ta gefen Dôme du Goûter, ba tare da sun gayyace shi ba. Da hanya ta gagara suka juyo, shi kuwa ya ratse neman duwatsunsa, suka tafi suka bar shi. Dare ya same shi shi kaɗai a kan ƙanƙara, ba tanti ba wuta. Da gari ya waye ya sauko da ƙafarsa, fuska a ƙone, amma da rai. Daga ranar aka san cewa kwana a saman dutsen ba hukuncin kisa ba ne.

Likita Paccard, mai shekaru 29, ɗan garin Chamonix ne da ya yi karatu a Turin. Ya shafe shekaru yana nazarin dutsen da madubin hangen nesa, yana so ya kai na'urar awon nauyin iska can sama domin auna tsawonsa. Shi yana da ilimi da tsari, Balmat yana da ƙarfi da sanin ƙanƙara, sai suka haɗa kai a asirce.

Awa 14 na hawa

Sun bar gari ranar 7 ga Agusta, suka kwana a ƙarƙashin wasu manyan duwatsu a saman tudun Montagne de la Côte. Wajen ƙarfe 4 na asuba suka kama hanya. Ba igiya, ba gatarin saran ƙanƙara irin na yau, sai dogayen sanduna masu tsinin ƙarfe. Sun ratsa La Jonction, inda kogunan ƙanƙara na Bossons da Taconnaz ke haɗuwa, ƙanƙara tana burmawa a ƙarƙashinsu, sandunan suna tare su daga faɗawa rami. Suka wuce duwatsun Grands Mulets, suka tsallake faffaɗan filin Grand Plateau, sannan suka haura wata miƙaƙƙiyar gangara kusa da duwatsun Rochers Rouges cikin iska mai tsanani.

A ƙasa mutanen gari sun taru suna kallo. Cikinsu akwai wani Bajamushe, Adolf Traugott von Gersdorf, wanda ya bi su da madubin hangen nesa yana rubuta lokaci. Bayan kusan rabin awa a ƙoli, inda likitan ya yi awonsa, suka juyo cikin farin wata, suka isa makwancinsu wajen tsakar dare. Washegari idanun Paccard ba sa gani saboda hasken ƙanƙara, hannuwansa kuma sanyi ya cinye su, Balmat ne ya riƙo shi har gari. A gida labarin baƙin ciki ke jiran Balmat: jaririyar ƴarsa, da ya bari ba lafiya, ta rasu yana kan dutse.

Suna ya zo, gaskiya ta karkace

Balmat ya tafi Jeneba ya karɓi tukwicin Saussure. Sarki Victor-Amédée na III ya yi masa kyauta, ya kuma ba shi izinin ƙara Mont Blanc a sunansa. A ranar 3 ga Agusta 1787 shi ya jagoranci Saussure da ƴan rakiya 18 zuwa ƙoli, a shekara ta 1808 kuma yana cikin ayarin da ya kai Marie Paradis, mace ta farko da ta hau dutsen.

Sai dai tun makonnin farko labarin ya fara sauya kama. Wani marubucin Jeneba, Marc-Théodore Bourrit, wanda shi kansa ya sha gwada hawan bai yi nasara ba, ya wallafa takarda mai nuna cewa Balmat ne ya gano hanya, ya riga isa ƙoli, sannan ya komo ya jawo likitan da ƙarfinsa ya ƙare. Paccard ya musanta, har Balmat ya sa hannu a takardar shaida mai tabbatar da rawar da likitan ya taka. Amma labarin talaka jarumi da mai ilimi rago ya fi daɗin ji, shi jama'a suka riƙe.

Paccard ya rasu a shekara ta 1827. Bayan shekaru biyar, fitaccen marubucin Faransa Alexandre Dumas ya zo Chamonix ya zauna da Balmat, wanda a lokacin yake da shekaru 70. Tsohon ya ba da labarin yadda ya ga dama, abokin tafiyarsa kuma ba ya raye balle ya kare kansa. Dumas ya saka shi a littafin tafiye-tafiyensa, dubban mutane suka karanta, ƙarya ta zauna daram.

Zinariyar da ba ta samu ba

Shahara ba ta kwantar wa Balmat da hankali ba. Ya yi imani akwai zinariya ɓoye a cikin tsaunukan yankin, ya kwashe shekaru yana yawon nemanta, sau da yawa shi kaɗai. A watan Satumba na 1834, yana da shekaru 72, ya shiga tsaunukan da ke saman kwarin Sixt bisa wannan fata, bai sake dawowa ba. Mutumin da ya kwana a ƙanƙarar Mont Blanc ya tashi lafiya, wani rami da ba a tantance ba ne ya zama kabarinsa, domin har yau ba a ga gawarsa ba.

Gaskiyar ranar 8 ga Agusta ta fito ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da masu bincike suka samo littafin da Gersdorf ya rubuta abin da ya gani da idonsa. Rubutun ya nuna mutanen biyu sun yi tafiyar tare, sun kuma isa tare. Wannan bai rage wa Balmat jarumtarsa ba, ya dai mayar wa likitan haƙƙinsa.

A yau dubban mutane ne ke gwada hawan Mont Blanc kowace shekara, akasarinsu ta hanyar Goûter, kuma duk da igiyoyi da ɗakunan kwana da jiragen ceto, dutsen bai daina cin rayuka ba. Duwatsun da mutanen biyu suka kwana a ƙarƙashinsu ana kiransu Gîte à Balmat, masu yawon tsauni na zuwa ganinsu. A tsakiyar Chamonix akwai mutum-mutumin da aka kafa a shekara ta 1887, Balmat yana nuna wa Saussure ƙololuwa da yatsa, babu Paccard a ciki. Sai a shekara ta 1986, shekaru 200 cif bayan hawan, aka kafa na likitan a ɗan nesa kaɗan, yana zaune shi kaɗai, fuskarsa na kallon dutsen.