Tarihin Heinrich Barth, Bajamushen da Hausawa suka sani da Abdulkarim

A filinmu na tarihi na yau mun kawo muku rayuwar wani Bature da ya shiga kasuwannin kakanninmu shekara 38 kafin Faransawa su kafa garin Bangui a 1889, ya kuma rubuta abin da idonsa ya gani, wato Heinrich Barth, wanda mutanen Kano da Katsina da Barno suka sani da Abdulkarim.

Bari mu fara da sunan. Barth suna ne na dangi da ya yaɗu a ƙasar Jamus, kuma masana sun ba shi ma'ana fiye da ɗaya. A wani gidan daga kalmar gemu ya samo asali, kamar yadda mu ma muke laƙaba wa mutum Maigemu. A wani gidan gutsure ne na sunan Bartholomäus, ɗaya daga almajiran Annabi Isa (AS). Akwai waɗanda suka gaje shi daga sunan wani irin gatari mai faɗin baki, sannan akwai gari mai wannan suna a bakin teku a arewacin Jamus. Cikin waɗanda suka shahara da shi akwai Karl Barth, malamin addinin Kirista ɗan Suwizalan da ya rasu a 1968. To amma a ƙasar Hausa, Abdulkarim ne ya sa aka san sunan.

An haife shi a birnin Hamburg ranar 16 ga Fabrairu, 1821, kuma mahaifinsa ɗan kasuwa ne. Ya yi karatu a Jami'ar Berlin, inda ya samu digirin dokta a 1844 da bincike kan cinikin wani tsohon birnin Girka, ya kuma koyi Larabci. Saboda haka ne gwamnatin Ingila ta haɗa shi da James Richardson da Adolf Overweg domin neman hanyoyin ciniki a ƙasashen da ke kudu da Sahara. Sun tashi daga Tarabulus a watan Maris na 1850.

Tun a hamada ya kusa rasa ransa, lokacin da ya hau wani dutse kusa da Ghat shi kaɗai ya ɓata, ƙishirwa ta galabaita shi, har Allah ya kawo wani Buzu ya cece shi. A watan Oktoba ya shiga Agadas, daga nan ya biyo ayarin gishiri zuwa Katsina, ya isa Kano a farkon Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman.

Duk fatake sun san zafin sauka a baƙon gari ba guzuri, to haka Barth ya shiga Kano: bashi a wuya, zazzaɓi a jiki, hajar da ya dogara da ita kuma ba ta yi daraja a kasuwa ba. Duk da haka bai zauna ba. Ya zaga birnin a kan doki, ya zana taswirarsa, ya kuma yi ta tambayar farashi. Ya ƙiyasta mazauna Kano da 30,000, adadin da kan ninka zuwa 60,000 da rani idan ayari sun sauka. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke saƙawa ta rina, ta fitar zuwa Tumbutu da Ghat da Tarabulus, sun kai wuri miliyan 300 a shekara, a lokacin da wuri 2,500 ke daidai da riyal ɗaya na azurfa. Ya ambaci goron Gwanja da gishirin Bilma da kanwa da takalman fata. Bai kuma ɓoye abin kunya ba, domin ya rubuta cewa ana fitar da bayi kimanin 5,000 daga Kano a kowace shekara.

Richardson ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya isa Kukawa, Overweg kuma ya rasu kusa da Tafkin Cadi a Satumbar 1852. Barth ya ci gaba shi kaɗai. Ya zauna a wurin Shehu Umar na Barno, ya ga kogin Binuwai ya shiga Yola a Yunin 1851, ya je Bagirmi a 1852. Ya kuma bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, inda ya shaida yadda ake ƙona ƙauyuka ana kama mutane.

A 1853 ya bi ta Damagaram da Katsina zuwa Wurno, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A Gwandu ya samu littafin Tarikh al-Sudan, ya kwafi sassansa, wanda ta nan Turai ta san tarihin daular Songhai. Ya shiga Tumbutu ranar 7 ga Satumba, 1853, bayan ya ɓad da kama a hanya a matsayin sharifi. Da aka gane Kirista ne, mahukuntan Masina suka nemi a miƙa shi, amma Shehu Ahmad al-Bakkay ya ƙi ba da baƙonsa, ya kare shi wata da watanni har ya fita lafiya a 1854. A Turai kuwa har an baza labarin mutuwarsa.

Ya koma Tarabulus a Agustan 1855 bayan tafiyar fiye da kilomita 15,000, tare da samari biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne, kuma daga bakinsa James Schön ya rubuta labaran da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Shi kuwa Barth ya wallafa tafiyarsa a juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858, da Jamusanci da Ingilishi. Ya koyar a Jami'ar Berlin, ya kuma rasu ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44, bai yi aure ba.

Mu mazauna Miskine da Kilomita Biyar, da 'yan'uwanmu na kasuwannin iyaka irin su Garoua-Boulaï, akwai abin lura a nan. Baƙo ne ya tsaya ya rubuta farashin turkudi da hanyoyin fatakenmu, shi ya sa yau muke da hujjar cewa cinikin Bahaushe ya daɗe da ƙetare hamada. Dattawan da suka san yadda iyayenmu suka zo nan da goro da shanu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata kowane gida ya zaunar da nasa, a sa yara su rubuta sunayen garuruwa da shekaru da fatoman da aka sauka wurinsu tun ana da mai ba da labari.

Allah ya ba mu sa'ar kasuwa da zaman lafiya, amin.