Dakta Tijjani Almahi: Likitan Sudan Da Ya Haɗa Asibiti Da Zauren Malamai

A yau filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe zai leƙa ƙasar Sudan, ƙasar da kakanninmu suka riƙa ratsawa a ƙafa da kan jakuna a hanyarsu ta zuwa Makka, wasunsu ma suka yada zango a can, har yanzu jikokinsu na nan a Mai Wurno da Gadarif da Umdurman. Wanda za mu kawo muku tarihinsa shi ne marigayi Dakta Tijjani Almahi, mutumin da ake yi wa laƙabi da uban likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka. Duk mai cin kasuwar Jibiya ko Illela ko Maigatari ya san ba a rasa mai taɓin hankali a bakin tasha, kuma da yawanmu mun san gidan da jinyar irin wannan ciwo ta cinye jarin maigida tsakanin boka da malam da asibiti. A kan wannan matsala Dakta Tijjani ya ƙarar da rayuwarsa.

An haife shi a watan Afrilu na 1911 a garin Kawa da ke bakin Farin Nilu, kudu da Hartum, lokacin Turawan Ingila na riƙe da ƙasar tare da Masar. Ya yi karatun likita a makarantar Kitchener da ke Hartum, wadda aka buɗe a 1924, ya kammala a 1935. Daga nan ya kama aikin gwamnati, aka riƙa yi masa canjin wurin aiki tsakanin Umdurman da Kosti da Hartum da Wadi Halfa. A 1949 ya samu takardar ƙwarewa kan ciwon ƙwaƙwalwa a birnin Landan, shi ne ɗan Sudan na farko da ya same ta. Da ya dawo gida sai ya buɗe wurin duba masu irin wannan lalura a Bahri, wato ɓangaren Hartum da ke arewacin Shuɗin Nilu.

A nan ne ya ci karo da abin da ba a koya masa a Landan ba. Likita ɗaya ne tak ga ƙasar da a lokacin ta fi kowace faɗi a Afirka, kuma mutane ba su saba kai mahaukaci asibiti ba. Idan ciwo ya kama mutum, wurin faki ake kai shi, wato malami, a babbar tsangayar shehunan ɗariƙa da suke kira masid. A can za a ba shi rubutun sha, a yi masa hayaƙi da takardar da aka rubuta addu'a, a rage masa abinci, wanda ya cika faɗa kuma a sa masa mari, wani lokaci har da bulala. Mata kuwa da yawansu gidan zar suke nufa, inda ake kiɗa da turare don lallashin iskoki. Masu karatu za su so su ji cewa ɗaya daga cikin rassan wannan al'ada a Sudan sunansa zar bori, kuma masana da dama na danganta sunan da borin ƙasar Hausa.

Wani likitan da ya dawo daga Turai da sabuwar takarda, da sai ya ce a rufe waɗannan wurare duka. Dakta Tijjani bai bi wannan hanya ba. Ya riƙa zuwa wurin shehunan da ƙafarsa, ya zauna da su cikin girmamawa, ya dubi yadda suke karɓar marar lafiya da danginsa. Ya lura cewa suna da abin da asibiti ba shi da shi, wato amincewar jama'a, da wurin kwana da ci da sha ga mai jinya, da zaman jama'a inda marar lafiya ke salla da aiki tare da mutane maimakon a kulle shi shi kaɗai. Shi kuma yana da abin da ba su da shi, domin ya san ciwon da zazzaɓi ko farfaɗiya ko shaye-shaye ke haddasawa, ga kuma sababbin magungunan kwantar da ƙwaƙwalwa da suka fara fitowa daga Faransa a 1952. Saboda haka ya nemi a yi aiki tare, malami ya ci gaba da addu'arsa, amma wanda ciwonsa na magani ne a bar likita ya duba shi. Dakta Taha Ba'ashar, wanda ya gaje shi, ya ɗora a kan wannan, musamman da shehunan ƙauyen Umm Dubban da ke gabas da Hartum.

A ganinmu wannan shi ne babban aikinsa, ya fi duk muƙaman da ya riƙe daga baya. Idan muka tuna yadda a 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane ɗaure da sarƙa daga gidajen mari a Kaduna da Daura, za mu ga cewa tambayar da ya fuskanta shekara saba'in da suka wuce ba ta bar mu ba. Iyaye ba don mugunta suke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba, rashin likitan da zai saurare su ne da kuma tsadar zuwa birni.

Ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. A Nijeriya Dakta Thomas Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda marar lafiya ke zama da danginsa a cikin ƙauye yana zuwa asibiti da rana, kuma a Abeokutan aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a 1961. Sunayen mutanen biyu tare ake ambatonsu idan ana zancen mafarin wannan fanni a nahiyarmu. Shi Dakta Tijjani a ƙarshen shekarun 1950 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke shi mai ba da shawara a ofishinta na Iskandariya a Masar, ya zauna can har 1964.

A watan Oktoba na shekarar ne aka harbe wani ɗalibi, Ahmad Alƙurashi, a Jami'ar Hartum, jama'a suka fito tituna har gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Abbud ta faɗi. Aka kafa majalisar mutum biyar da za ta riƙe matsayin shugaban ƙasa, suna karɓa-karɓar shugabanci, aka sa Dakta Tijjani a ciki. Uku daga cikin biyar ɗin likitoci ne, har da Dakta Abdulhalim Muhammad, wanda masu sha'awar ƙwallo za su tuna yana cikin waɗanda suka kafa hukumar CAF a Hartum a 1957. Da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta ziyarci Sudan a watan Fabrairu na 1965, Dakta Tijjani ne ke kan kujera, shi ya tarbe ta. Cikin shekarar aka yi zaɓe, ya sauka ya koma ga marasa lafiyarsa da littattafansa.

Zancen littattafai kuwa, nan ne kuɗinsa suka tafi. Ya tara kusan dubu 20, ban da tsofaffin rubuce-rubucen hannu da taswirori, a kan likitanci da tarihi da addini da al'adun ƙabilu da Masar ta zamanin Fir'auna. A 1959 ya wallafa littafi da Larabci kan tarihin likitancin Larabawa. Yau jami'o'i a duniya na buɗe cibiyoyin da ake haɗa masana kwamfuta da masana zamantakewa a ɗaki ɗaya, domin an gane cewa na'ura za ta iya lissafa mutum nawa suka je asibiti da mutum nawa suka ƙi zuwa, amma sai wanda ya san mutanen ne zai faɗi dalili. Irin wannan haɗin ilmi biyu Dakta Tijjani ya yi da takarda da alƙalami da zama kan tabarmar shehunai, tun kafin kwamfuta ta zama abin aiki a jami'o'in Afirka.

A 1969 Jami'ar Hartum ta naɗa shi farfesan likitancin ƙwaƙwalwa, amma bai daɗe a kujerar ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 8 ga Janairu, 1970, yana da shekara 58. Littattafansa suka koma ɗakin karatu na jami'ar da sunansa, a 1971 kuma aka buɗe asibitin masu taɓin hankali a Umdurman aka sa masa suna Asibitin Tijjani Almahi. A 1981 Dakta Ahmad Alsafi da Dakta Ba'ashar suka tattara wasu daga cikin maƙalunsa suka buga. Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya tsayar da karatu a harabar jami'ar, ya rufe yawancin asibitocin birnin, ya kuma tarwatsa likitoci da marasa lafiya zuwa Masar da Chadi da sauran ƙasashe. Allah Ya jiƙan Dakta Tijjani, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya.