Malam Abdullahi na Gwandu da Littattafansa

A Ingila, bayan rasuwar John Ruskin a 1900, mutanensa sun tattara abin da ya rubuta a kan gine-gine, da zane, da gyaran zaman jama'a, suka buga shi cikin littafi 39. Mu ma muna da namu gwanin alkalami wanda ya riga shi faɗa wa masu mulki gaskiya, watau Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu.

An haife shi a 1766. Mahaifinsu ya koya masa Alkur'ani, sa'an nan tun yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi ga wansa. Ya kuma yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Sa'ad da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 yana tare da shi, ya kuwa kasance cikin shugabannin yaƙin Tabkin Kwatto, inda aka kori rundunar Yunfa, Sarkin Gobir.

Amma da nasara ta fara samuwa, sai ya ga waɗansu daga cikin jama'a sun koma neman sarauta, da dawaki, da tufafin alfarma, abin da aka fito don a hana. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Wajen 1807 ya bar runduna, ya nufi gabas da niyyar Makka. Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda a ke mulki bisa shari'a. Ya tsaya, ya karanta musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Littafin nan ya bayyana yadda a ke naɗa sarki, da waziri, da alkali, da abin da ya wajaba a kansu game da talakawa. Daga nan ya fasa tafiyar, ya koma gida.

A 1812 Shehu ya ba shi riƙon ƙasashen yamma, ya ba Muhammadu Bello na gabas. Da Shehu ya rasu a 1817, Bello aka yi wa mubaya'a. Zukata suka ɗan yi nauyi, har ranar da Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina. Can suka shirya, baffa ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Ya rasu a 1829, kabarinsa yana Gwandu.

Duk da hidimar yaƙi da ta mulki, bai ajiye alkalami ba. Ya rubuta Liya'ut Ta'awili a tafsiri, da Baharul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci cikin Tazyinul Waraƙati, yana ba da labarin dalilin kowace. An buga shi da fassarar Turanci a Badun a 1963.

To, jama'a, musamman malamai da masu aikin hukuma, manomin Dambatta ko na Bichi wanda ya kawo kukan iyakar gona, ba ruwansa da yawan karatunmu, adalci ya ke nema. Wanda aka ba amanar alkalami ya kamata ya san abin da Malam Abdullahi ya rubuta wa Kanawa. Allah ya jiƙansa, amin.