BABBAN GWANI, MAGININ ZAZZAU

In ana tarihin mutanen da, galibi sarakuna da malamai da mayaƙa ake ambata. Ni yau magini zan ba ku tarihinsa, wato Malam Mika'ilu, wanda kuma ake kira Muhammadu Durugu, Babban Gwani na Zazzau.

Wannan bawan Allah ya yi zamani ne bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Sunansa ya fito a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shi ne kuwa tushen gidan sarautar Katsinawa a Zariya. A lokacinsa Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya. Gwanintarsa ta sa aka yi masa laƙabin Babban Gwani, har unguwar da zuriyarsa take zaune ta ci wannan suna.

Ba siminti ba ƙarfe ya yi wannan aiki. Da tubalin ƙasa ya ta da ginshiƙai masu kauri, ya ɗaura azarar giginya a kansu, yana tusa wata bisa wata har su haɗu a tsakiya su zama bakan gizo. A kan bakunan nan rufin ya zauna. Sa'an nan ya yi wa ginshiƙan ado da zane tun yaɓe yana ɗanye: layuka, da da'ira, da masu kusurwa uku. Babu siffar mutum ko ta dabba, amma wanda ya shiga sai ya ɗaga kai yana mamaki.

Ƙarshensa abin tausayi ne. Masu ba da tarihin baka sun ce ya je Birnin Gwari ya yi wa sarkin garin gini, sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi.

Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne wani labari na ƙasar Birazil, can Kudancin Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansu masu zane a can, irin su Lygia Clark, suka bar zana mutane da itatuwa, suka koma ga layi da murabba'i da launi zalla. A 1956 suka yi babban baje koli a birnin Sawo Paulo, yau kuwa ayyukansu suna manyan gidajen tarihi na duniya. To, ga magininmu ya ƙawata masallaci da irin waɗannan siffofi fiye da shekara 100 kafin su.

Amma yaya muka riƙe namu? A shekarun 1970 an kewaye tsohon masallacin da sabon gini na siminti. Allah ya sa wani Bature ɗan ƙasar Folan, mai suna Dmochowski, ya riga ya auna shi, aka kuma gina irinsa a gidan tarihi na Jos.

Mu ma nan Batsari da Safana ina ganin haka. Wanda ya sami kuɗi sai ya rushe zauren kakansa mai zane, ya yi na bulo da kwano, wanda da bazara ba ya zaunuwa don zafi. Tsofaffin magina suna ƙarewa, mu 'yan makaranta kuwa muna ƙyamar taɓa laka. Ina roƙon iyayenmu su bar ko da zaure ɗaya a tsaye, mu kuma in mun je hutu mu kwafi zanensa a littafi, mu tambayi maginin unguwa sunan kowanne.

Allah ya jiƙan Babban Gwani, ya sa Aljanna makomarsa, amin.