Remarque: Ɗalibin Malanta da Ya Je Yaƙi

Ina so in ba 'yan'uwana labarin wani Bajamushe wai shi Erich Maria Remarque. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa, shi ma ɗalibin makarantar horon malamai ne kamarmu, yana tsakiyar karatu aka ɗebe shi zuwa bakin daga.

An haife shi ran 22 ga Yuni 1898 a garin Osnabrück, ƙasar Jamus. Ubansa mai ɗinkin littattafai ne, ba mai hali ba. A 1916, yana da shekara 18, aka ɗauke shi soja, don a lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya yi tsanani. A watan Yuni 1917 aka tura shi ƙasar Beljiyam. Ran 31 ga Yuli, watau ranar da Ingilishi suka fara babban harinsu kusa da garin Ypres, ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi a ƙafa da hannu da wuya. Bai ko cika wata biyu a fagen fama ba, amma ya yi fiye da shekara guda a asibitin soja, yana kwance tsakanin guragu da makafi, yana jin labarinsu. Yana can uwarsa ta rasu.

Da aka gama yaƙi ya koma ya ƙarasa karatunsa, aka ba shi aikin koyarwa a makarantun ƙauye a 1919. Amma zama bai yiwu ba. A 1920 ya ajiye alli, ya shiga buge-buge, har da sayar da duwatsun kabari, kafin ya zama ɗan jarida. Raunin jiki ya warke, na zuci ya ƙi. Baƙin ciki yakan taso masa ba dalili, da ya bi sawu sai ya tarar tushensa yaƙin nan ne.

Sai ya zauna ya rubuta littafi, Im Westen nichts Neues, ma'anarsa babu wani sabon labari daga fagen yamma. Ya fito a 1929. Labari ne na waɗansu samari 'yan aji ɗaya, waɗanda malaminsu ya yi ta zugawa da daɗin baki har suka ba da kansu soja. Shi malamin ya zauna gida, su kuwa suka tarar da yunwa, da taɓo, da ƙwarƙwata, da mutuwa, suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sami hutu ya zo gida ma sai ya ga ya zama baƙo, ba ya iya gaya wa iyayensa abin da ya gani. Tsofaffin sojoji na ƙasashe dabam dabam suka ga kansu a ciki, aka juya shi cikin harsuna fiye da 20.

Amma gaskiya ɗaci gare ta. Mutanen Hitila suka ce ya ci mutuncin sojan Jamus. A 1930 suka tayar da fitina a gidan sinima a Berlin, suka saki ɓeraye cikin 'yan kallon fim ɗin littafin. A watan Mayu 1933 aka ƙone littattafansa a bainar jama'a, a 1938 aka raba shi da zama ɗan ƙasa. Ya riga ya ƙaura Siwizalan, daga nan ya wuce Amurka a 1939. Da ya fi ƙarfinsu sai suka huce a kan ƙanwarsa Elfriede, wata tela. Aka kama ta don ta ce Jamus ba za ta ci yaƙi ba, aka fille mata kai a watan Disamba 1943. Shi bai ji ba sai bayan yaƙi. Ya rasu a Locarno, ƙasar Siwizalan, ran 25 ga Satumba 1970.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne malamin nan na cikin littafi. Da bakinsa kaɗai ya aika aji guda lahira. Gobe mu ma za a danƙa mana yara, su kuwa duk abin da Malam ya faɗa sun ɗauka yankan wuƙa ne. In mun zo koya musu tarihin yaƙe-yaƙe, kada mu tsaya ga sunayen jarumai da garuruwan da aka ci. Mu gaya musu har da waɗanda suka dawo da sanda, da waɗanda suka dawo da lafiyar jiki amma barci ya gagare su. Allah ya ba mu ikon riƙon wannan amana, amin.