Dick Tiger Da Daren Da Gwamnati Ta Kawo Dambe Badun

Duk wanda ya daɗe a Badun ya san filin wasa na Liberty da ke wajen Oke-Ado. Amma ba kowa ya san labarin mutumin da ya sa sunan filin nan ya zaga duniya a dare ɗaya ba. Shi ne Richard Ihetu, wanda aka fi sani da Dick Tiger.

An haife shi ran 14 ga Agusta, 1929, a Amaigbo cikin ƙasar Ibo. Ɗan talakawa ne. Yana saurayi ya tafi Aba neman abin kansa, yana tara kwalabe yana sayarwa a kasuwa, can kuma ya koyi damben Turawa. A 1955 ya haye Ingila, ya sauka Liverpool. Ci-ranin bai fara masa da daɗi ba, gama karonsa huɗu na farko duk shi aka ka da. Wani da tuni ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Shi kuwa ya daure, har a 1958 ya buge Pat McAteer ya zama zakaran ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila a ajin matsakaita nauyi. Daga nan ya wuce Amurka. A Oktoba 1962, a San Francisco, ya ƙwace kambin duniya daga hannun Gene Fullmer. Suka sake gamuwa a Las Vegas a Fabrairu 1963, aka tashi kunnen doki.

Sai maganar karo na uku ta taso, mutanen Nijeriya suka ce a gida za a yi shi. To, fili dai akwai. Gwamnatin Jihar Yamma ta ɗauko aikin Liberty tun zamanin Firimiya Awolowo, aka buɗe shi a 1960. Arzikin jihar a lokacin koko ne. Hukumar sayen amfanin gona takan saya hannun manomi a farashin da ta yanka, ta sayar waje da tsada, rarar ta tafi ayyukan gwamnati. Manomin gyaɗa na Arewa ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Watau dai gumin manomin da watakila bai taɓa taka ƙofar filin ba shi ya ɗora tubalinsa.

Abin da babu shi ne kuɗin 'yan damben. Tiger zai karɓi dala 100,000, Fullmer 60,000, kuɗin ƙofa kuwa ba abin dogara ba ne. Ministan Ƙwadago, Cif J. M. Johnson, wanda wasanni ke hannunsa, shi ya tsaya tsayin daka. Gwamnatin Tarayya da ta Yamma da ta Gabas da ta Arewa duk suka ɗauki lamuni, aka kirawo Jack Solomons daga Ingila ya shirya wasan. Abin mamaki, a lokacin shugabannin nan ba sa ga maciji da juna. Rikicin Jihar Yamma na 1962 bai gama lafawa ba, ana gardamar ƙidayar jama'a, shi kansa Awolowo yana tsare ana shari'arsa.

Ran 10 ga Agusta, 1963, wajen mutum 30,000 suka cika filin. Tiger ya hana Fullmer sakat tun daga turmin farko, ya fasa masa fuska, bayan turmi na bakwai aka tsai da wasan. Fullmer bai sake hawa dandali ba har abada.

Me Badun ta samu? Suna dai ta samu, ba ƙarya. Masu masauki da 'yan tasi da masu sayar da abinci sun yi ciniki na 'yan kwanaki. Amma baƙi suka watse, kasuwar ta koma yadda take. Haɗin kan ma bai yi ƙarko ba, wata guda bayan haka aka ɗaure Awolowo shekara goma. Shi kuwa Tiger, dole ya koma inda kuɗin dambe yake, watau Amurka, inda kamfanonin talabijin ke biya, ba baitulmali ba. Bai sake kare kambinsa a Liberty ba.

Can ya rasa kambin a hannun Joey Giardello a Disamba 1963, ya karɓo shi a 1965, ya sake rasa shi ga Emile Griffith a 1966. Kafin shekarar ta fita ya hau aji na gaba, ya buge José Torres, ya zama zakaran duniya a aji na biyu.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ya bi ɓangaren Biyafara, har aka ba shi muƙamin laftana. A 1969 ya mai da wa Ingila lambar girma ta MBE da ta ba shi, don tana goyon bayan Gwamnatin Tarayya. Mutumin da gwamnatoci huɗu suka yi wa karo-karo sai ga shi ya zama abokin gabar uku daga ciki. Yaƙin ya cinye yawancin dukiyar da ya tara a gida. Bob Foster ya ƙwace kambinsa a 1968, ya yi karonsa na ƙarshe a 1970, daga bisani ya kama aikin gadi a wani gidan kayan tarihi a New York.

Nan ciwon daji na hanta ya kama shi. Gwamnatin Janar Gowon ta bar shi ya dawo gida, ya mutu a Aba ran 14 ga Disamba, 1971, yana da shekara 42.

Filin ya yi sauran zamani bayansa. Ƙungiyar ƙwallo ta IICC Shooting Stars ta cika shi da jama'a a shekarun 1970, an kuma buga wasu wasannin gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999. A 2010 aka sauya masa suna zuwa Filin Wasa na Obafemi Awolowo, amma tsofaffin Badun ba su bar kiransa Liberty ba.